Katsi da Kwalta: Gwanintar da Ba Ta Zubar da Saura

Idan marini ya ciro zane daga karofi, ba shuɗi yake fitowa ba. Kore-kore yake fitowa, da ɗan ratsin rawaya, har baƙon wurin ya zaci rinin bai kama ba. Sai marinin ya matse shi, ya warware, ya ɗaga iska ta ratsa shi. A gaban idonka launin zai fara juyawa, kafin ka gama gaisawa da mutanen marina zanen ya koma shuɗi. Wannan ɗan juyin launi shi ne ya ciyar da garuruwan ƙasar Hausa ɗaruruwan shekaru, kuma a kansa ne wani kamfanin Jamus ya zuba dukiyarsa kusan duka, har ya zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin haɗa sinadarai na duniya.

Da wuya ka sami tsohon gari a ƙasar Hausa wanda ya isa a kira shi gari amma ba shi da marina, kuma Gobir tana da dalili na musamman. Tun zamanin Alƙalawa, kafin faɗuwarta a 1808, ƙasar tana kan hanyar da ta haɗa Azbin da kudu. Buzaye kuwa ba su da abin ado da ya kai baƙin rawani mai ƙyalli wanda ke barin shuni a fuska. Wanda ya tashi a Isa ko Turba ko Sabon Birni, ko can tsallaken iyaka a Tsibiri da Maraɗi, ya san darajar wannan baƙi a kan dattijo ranar salla. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne irin ilimin da ke cikin ramin da aka tsoma shi.

Ganyen baba ba shi da shuɗi a cikinsa. Wani abu ne marar launi yake ɗauke da shi, sai an daka ganyen ya jiƙa ya ruɓa sannan abin ya rabu, iska ta taɓa shi ya zama shuni. A nan wahalar take, domin shuni ba ya narkewa a ruwa. Ko kwana ka yi kana motsa shi, ƙasa zai koma ya kwanta, abin da bai narke ba kuwa ba ya shiga zare. Saboda haka aikin marini shi ne ya sa shuni ya narke, ya shige cikin auduga, sannan ya koma halinsa na farko a can cikin zaren, inda wanki ba ya iya fitar da shi. Koren da ake gani a bakin karofi shi ne narkakken shuni. Shuɗin da ke biyo baya shi ne shunin da iska ta sake ɗaurewa.

Yadda ake narkar da shi ne abin sha'awa. A cika karofi da ruwa, a zuba toka da katsi don ruwan ya yi kaifi, a zuba baba, a rufe a bar shi kwanaki. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna cin ragowar ganyen, su shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan, daga nan su juya shunin ya zama mai narkewa. Marini bai taɓa ganin waɗannan ƙwayoyi ba, amma ya san duk abin da suke so da wanda suke ƙi. In toka ta yi kaɗan, ruwan zai yi tsami ya ruɓe da wari, rinin ya mutu. In ta yi yawa, aikin ya tsaya cak. Sanyin hunturu yana sa karofi nawa, zafin bazara yana sa shi gaggawa har ya nemi ƙwacewa. Shi ya sa ake haƙa ramin da zurfi fiye da tsayin mutum, domin cikin ƙasa zafi ba ya hawa da sauka yadda yake yi a sarari, kuma ake matse bakinsa don kada iska ta sami faɗin da za ta taɓa ruwan. Da muciya ake tayar da abin da ya kwanta a gindi. Amma in an zo tsoma zane, a hankali ake sa hannu, ba a fantsama, domin duk kumfar iskar da ta shiga ruwan rini take kashewa.

Ma'aunan marini a jikinsa suke. Yana duba kumfar da ta taru a sama, ko ta yi shuɗi mai duhu da ƙyallin jan ƙarfe. Yana shinshinawa, domin warin lafiyayyen karofi daban yake da na wanda ya fara lalacewa. Yana murza ruwan tsakanin yatsu ya ji santsinsa, wani ma ya ɗan taɓa a harshe. Daga nan zai san ko toka za a ƙara, ko baba, ko kuwa a bar shi ya huta zuwa gobe. Kiwonsa ake yi kamar saniyar tatsa: kullum sai an leƙa, in an matsa mata da tatsa ba abinci ta daina bayarwa. Tsomi ɗaya shuɗi mai haske yake bayarwa. Baƙi ƙirin sai an yi ta tsomawa ana shanyawa, kowane zagaye yana ɗora sabon shuni a kan na baya. Daga nan a kai wa mabuga, su barbaɗa garin shuni su yi ta bugu a kan gungume har zanen ya ɗauki ƙyalli. Ta haka ake samun kore da turkuɗi da rawanin nan ɗan Kura.

Duk da haka, abin da ya fi burge ni yana faruwa ne bayan karofi ya gaji. Lakar da ta kwanta a gindinsa, ta toka da ruɓaɓɓen ganye, ba a zubar da ita. Kwashe ta ake yi, a cura, a shanya, a ƙona. Abin da ya fito shi ne katsi. Tokar itace tana ɗauke da farar ƙasa, wuta kuma tana farkar da kaifinta, saboda haka katsi ya fi tokar murhu ƙarfi nesa ba kusa ba. Wani kaso yana komawa cikin sabon karofi. Sauran kuma majemi yana jiransa.

Majemi a wannan yanki mai sa'a ne, domin a hannunsa fatar jar akuya take, wadda ake kira ta Sakkwato a wannan ɓangaren, ta Maraɗi a wancan. Fata ce mai laushi da ƙarfi da kyan ido, wadda ayari ya riƙa haurawa da ita Sahara, Turawa suka saye ta a tashoshin arewacin Afirka suka laƙaba mata sunan Maroko. Majemi yana jiƙa ta a ruwan toka da katsi har gashin ya saki, ya ɗora ta ya karce da kartaji. Sai ya sassauta ta da kashin kaji ko na tattabara, ko da ganyen fataka, domin kaifin tokar ya fita, fatar ta buɗe. Sannan a tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa. Ɗacin nan mai ɗaure baki da ke cikin 'ya'yan bagaruwa shi ke kama naman fatar ya hana ta ruɓewa har abada. A shafa mai, a murza, a ja. In ja ake so, ga karan dafi da ɗan ruwan kanwa. In baƙi ake so, sai a nufi maƙera a kwaso kashin ƙarfen da maƙeri ya share gefe, a jiƙa shi a yi kuloko, domin ƙarfe in ya gamu da ɗacin bagaruwa baƙi yake haifarwa. Baduku ya karɓa ya ɗinka sirdi da kube da laya da takalmi.

Gashin da aka karce fa? Shi ma yana da mai saye. Magini yana haɗa gashin jima da katsi da ruwan dafara mai yauƙi, ya kwaɓa laso. Katsi ne ke daskarewa, gashi yana hana tsagewa, dafara tana ɗaure su ta toshe ƙofofin ruwa. Da laso ake shafe rufin soro ya jure damina. Da lason nan dai ake shafe cikin karofi don ya riƙe ruwa. Ka ga ke nan sauran rini ya cire gashi, gashi ya shiga laso, laso ya gina ramin da za a yi sabon rini. Sana'a huɗu, kowace da gidanta da sarkinta da gadonta, amma abin da wannan ya share waje shi ne jarin maƙwabcinsa. Ba wanda ya zauna ya zana wannan tsari a takarda. Mutane ne masu lura suka gano shi sannu a hankali, suka riƙe.

Kada a ɗauka ƙaramin abu ne. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa laso ne ya ba marinan ƙasar Kano damar barin manyan tukwane su koma ramuka masu faɗi da zurfi. Babban rami yana cin zane da yawa a kan kuɗi kaɗan, shi ya sa rininsu ya yi arahar da ta kai shi nesa. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, kuma ya ratsa dajinmu na Gundumi a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Wurno, ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da aƙalla wuri miliyan 300, ya kuma ce suna kaiwa Tambutu da Gat da Tarabulus. Masana'anta ce sosai, kuma gashin akuya da tokar gindin rami suna cikin abin da ya ɗauke ta.

A daidai wannan zamani, a garin Mannheim na Jamus, akwai wani maƙerin zinariya mai suna Friedrich Engelhorn wanda ya koma sana'ar samar da iskar gas ta fitilun titi. Daga kwal ake fitar da gas ɗin, kuma aikin yana barin baƙar kwalta mai wari wadda ba a san yadda za a yi da ita ba. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Ingila, William Perkin, ya fitar da launin rini daga sinadarin da ke cikin irin wannan kwalta. Engelhorn ya duba tulin da ke bayan masana'antarsa ya ga dukiya. Ranar 6 ga Afrilu 1865 ya kafa kamfanin anilin da soda na Baden, wanda duniya ta sani da BASF, aka gina masana'antar a tsallaken kogin Rayin, a Ludwigshafen. Tun ranar farko ya ƙudura cewa ba zai sayi soda da asid a wurin wasu ba. Komai a fili ɗaya za a yi shi, daga ɗanyen kaya har zuwa launin da za a sa a gwangwani.

Launuka suka yi ta fitowa, ja na alizarin a 1869, wani shuɗi a 1877. Amma sarkin rini shi ne shuni, kuma a lokacin daga gonakin Indiya Turawan Ingila suke kawo shi. Adolf von Baeyer ya haɗa shi a ɗakin gwaji, ya kuma gano ƙirarsa a 1883, sai dai hanyarsa ta fi ƙarfin aljihun kowa. Karl Heumann ya kawo wata hanya a 1890. BASF ya shafe shekara 17 yana fama, ya kashe mak miliyan 18 na zinariya, abin da ya haura jarin kamfanin kansa, kafin a 1897 ya fito da shuninsa kasuwa.

Abin da ya ci shekarun shi ne neman hanya mai araha, kuma a nan ne tunaninsu ya yi kama da na mutanen marina. Sun fara da naftalin, farin kafur ɗin nan da mata ke sawa cikin akwatin tufafi, wanda ya yi yawa a cikin kwalta har ba shi da daraja. Ana dafa shi da asid na farar wuta mai tsananin ƙarfi, dangin ruwan batir. Ana ba da labarin cewa aikin yana ta nawa har ranar da ma'aunin zafi ya fashe a cikin tukunyar, zaibar da ke ciki ta zube, sai haɗin ya zabura. Dafuwar tana fitar da hayaƙin farar wuta mai shaƙe numfashi. Maimakon a sake shi sama, sai suka kama shi suka mayar da shi asid ta hanyar da masanin sinadaransu Rudolf Knietsch ya inganta, asid ɗin ya koma tukunya. Kulorin da ke fitowa wurin yin soda, wanda Knietsch ya gano yadda ake mayar da shi ruwa da yawa a masana'anta a 1888, shi ma ya sami gurbi a matakai na gaba. Mataki na ƙarshe kuwa iri ɗaya ne da na marini: a hura iska, shuɗi ya bayyana.

Manoman baba ne suka ji a jikinsu. A 1897 duniya tana samar da kimanin tan 19,000 na shunin ganye. Zuwa 1914 ya sauko kusan tan 1,000.

Ƙwarewar da kamfanin ya samu wajen sarrafa iskoki masu zafi ita ta buɗe masa ƙofa ta biyu, wadda ta fi shafar manomin fadamar Bunsuru da Gagare a yau. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, abincin da gero da masara da shinkafa suka fi buƙata, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa kai tsaye daga iska. A 1909 Fritz Haber ya nuna a kan tebur cewa ana iya haɗa ta da haidirojin a sami amoniya. Sai dai ana buƙatar matsi kusan ninki 200 na iskar da muke ciki, da zafi wajen digiri 500. Carl Bosch aka ɗora wa nauyin mayar da wannan na'urar tebur ta zama masana'anta. Tukwanensa na farko fashewa suka riƙa yi, domin haidirojin mai zafi tana shiga jikin ƙarfe mai tauri ta cinye abin da ke ba shi ƙarfi. Dabarar da ya yi tana da daɗin ji: ya sa ƙarfe mai laushi daga ciki, wanda iskar ba ta da abin ci a jikinsa, ya naɗe shi da mai tauri daga waje, sannan ya huda na wajen da ƙananan ƙofofi don ɗan abin da ya tsiyayo ya fice bai yi ɓarna ba. A gefe guda Alwin Mittasch ya yi gwaji kusan 20,000 kafin ya tsaya a kan haɗin ƙarfen da ke zuga aikin. A 1913 masana'antar Oppau ta fara aiki.

Wurin samar da haidirojin ana samun iskar kabon mai yawa, saura ce. A 1922 suka haɗa ta da amoniya suka sami yuriya. Farin takin nan da ke da lamba 46 a jikin buhu, wanda ake sauke wa a kasuwar Shinkafi da ta Sabon Birni, daga wannan haɗi ya samo asali. Masana'antar takin Dangote da aka buɗe a Lekki a watan Maris 2022, mai iya fitar da tan miliyan 3 a shekara, da ta Indorama a Eleme, duk a kan tafarkin Haber da Bosch suke tafiya.

Tarihin kamfanin yana da baƙaƙen shafuka, kuma ba daidai ba ne a yaba gwaninta a ɓoye su. Amoniyar da ke ciyar da gona ita ta ba Jamus abin yin albarushi a yaƙin duniya na farko, kulorin kuma aka sake shi a kan sojoji a fagen fama. Ranar 21 ga Satumba 1921 rumbun taki ya fashe a Oppau, mutum fiye da 500 suka rasu. A 1925 BASF ya haɗe da Bayer da Hoechst da wasu suka zama IG Farben, wanda a zamanin Hitila ya gina masana'anta kusa da sansanin Auschwitz, aka yi aiki da fursunoni, dubbai suka mutu. Bayan yaƙi an gurfanar da shugabanninsa a Nuremberg, aka rusa haɗakar, BASF ya sake tsayuwa da sunansa a 1952. Iya haɗa sinadari ba ya sa mutum ya ji tsoron Allah, wannan a wani wuri ake koyonsa.

A tsarin da kamfanin ya shimfiɗa a 2019, sassansa shida ne, kuma kusan kowanne yana da ɗan aike a gidajenmu ko da ba mu ga sunansa ba. Tushen shi ne sashen manyan sinadarai, inda ake fasa ɗanyen mai mai sauƙi da tururi a zafin da ya haura digiri 800, a sami tubalan da sauran sassa ke gini da su. Daga nan sashen robobi yake ɗiba ya yi irin kumfar da ke cikin katifa da tafin takalmi. Akwai sashen da ke yi wa wasu masana'antu kayan haɗi, na fenti da gam da man inji, da wanda ke kula da fuskar abubuwa, wato fentin mota da matatar hayaƙin salansa da kayan batir. Na biyar yana yin bitamin da ake sawa a abincin kaji da sinadaran sabulu da man shafawa. Na shida na noma ne, iri da maganin ƙwari da na ciyawa, kuma daga nan ne gidan sauron nan Interceptor G2 ya fito, mai magani biyu don sauron da ya saba da na farko, wanda aka raba a wasu jihohin Najeriya. A 2023 cinikin kamfanin ya kai Yuro biliyan 68.9, da ma'aikata kimanin 112,000.

Wanda ya tsaya a lissafin sassa bai ga kamfanin ba. Filin Ludwigshafen ya kai murabba'in kilomita 10, da masana'antu wajen 200, kuma bututun da ya haɗa su ya kai kilomita 2,850. Abin da ya fito ta bayan wannan yana shiga ta gaban waccan. Har zafi ba a bari ya tafi a banza: masana'antar da aikinta ke fitar da zafi tana dafa ruwa, tururin ya bi bututu zuwa wadda ke buƙatarsa. Su suna kiran tsarin Verbund, kuma sun maimaita shi a Antwerp, da wurare biyu a Amurka, da Kuantan ta Malesiya, da Nanjing ta Sin. Kayan da suka fara da su ma sun rabu da yawancinsu. Rinin tufafi ya koma DyStar a 2000, wani babban kaso na harkar taki an sayar a 2012, sinadaran jima a 2017. Abin da ba su sayar ba shi ne iya ƙulla aiki da aiki.

Irin wannan ƙulli yana da rauninsa. Da gas ɗin Rasha ya yanke bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren a 2022, kamfanin ya sanar a 2023 cewa zai rufe ɗaya daga cikin masana'antun amoniya biyu na Ludwigshafen, wasu da ke rataye da ita suka bi ta. Mu ma ta haka namu ya warware. Shunin Turai ya shigo, marina suka karɓe shi suna gauraya shi da baba, domin ba mutane ne masu ƙin sabon abu ba. Daga baya aka kawo hodar haidirosalfait, wadda BASF ɗin ne ya fara sayar da ita a farkon ƙarni na 20. Da ita da soda mai cin hannu ana narkar da rini a cikin rabin duro kafin shayi ya huce. Sai dai duro ba ya tara lakar da za a ƙona, saboda haka katsi ya yi wuya. Siminti ya fara fitowa daga Kalambaina a 1967, kwano ya hau rufi, laso ya rasa mai nema. Fatu suka koma tafiya ɗanyu zuwa manyan majemun Sharaɗa da Calawa a Kano, inda ake jima da sinadarin kurom, gashin kuma ya zama shara. Ban ga laifin kowa ba, domin kowane sabon abu ya fi na da sauri, mai iyali kuwa ba ya jiran karofi ya nuna alhali ga duro. Amma kowane ɗayansu a buhunsa yake zuwa shi kaɗai, kuma abin da ya rage bayan aiki kwata yake bi. Ruwan rinin zamani ba ya gina komai, ƙona ƙasa yake yi.

A Isa da Sabon Birni akwai ƙarin nauyin da ya fi wannan. Tun wajen 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka zuwa yankin Gidan Runji a jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. Sana'ar da ke buƙatar a leƙa rami safe da yamma ba ta yiwuwa ga wanda bai san inda zai kwana gobe ba. Fata a cikin ruwan toka ba ta jiran a dawo daga gudun hijira. Dattijon da ilimin ke hancinsa da yatsunsa kuma, in ya rasu a baƙon wuri ba yaro a gefensa, ya tafi da shi.

Wannan shi ne babban bambancinmu da mutanen Ludwigshafen, ya ma fi bambancin jari. Su sun auna, sun rubuta, wanda ya zo baya ya ɗora daga inda na gaba ya tsaya. Kuma yanzu masu binciken can sun waiwayo kan abin da muka bari, saboda ruwan haidirosalfait ya dame su. A 1999 masana a Jami'ar Reading ta Ingila sun ware ƙwayar da ke narkar da shuni a tsohon rinin Turai suka ba ta suna, a Japan ma an ware wasu daga tukwanen marinansu. Ƙwayoyin da ke aiki a karofin ƙasar Hausa su ma sun cancanci irin wannan kulawa. Bagaruwa tana nan a bakin gulbi, jar akuya tana nan, baba yana fitowa in an shuka. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da sashen ilimin sinadarai, Zariya tana da cibiyar binciken fata a Samaru. Ɗalibi ɗaya daga Turba ko Gatawa, wanda zai durƙusa ya ce wa tsoho «Baba, a nuna mini», zai iya zama da ma'auni a bakin rami ya rubuta kaifin ruwan a ranar da marinin ya ce ya nuna, da zafinsa a hunturu da bazara, da kwanakin da fata ke yi a ruwan katsi kafin gashi ya saki, da yawan dafara da gashin jima da ake zuba wa kwandon katsi kafin laso ya kama bango ya riƙe ruwa.